Ƙofa A Buɗe, Amma Dokin Ƙofa Ya Yi Tsawo

Jama'a, wata magana ta zama ruwan dare a ɗakunan kwananmu: wai duk ɗalibin da ke son koyon tace fim ba shi da sauran uzuri, tun da ga Shotcut, ga Kdenlive, ga OpenShot, duk kyauta ne, kuma an yarda kowa ya duba asalin rubutunsu ya gyara. Ban musa ba. Amma masu wannan wa'azi sun taɓa karanta sharuɗɗan kuwa?

To, bari mu karanta musu. Shotcut tana neman RAM mai gigabayit 4 don ƙaramin hoto irin na da, 8 don HD, 16 don 4K, kuma ba ta hawa sai kwamfuta mai tsarin bit 64. A 2023 ta yi ban kwana da Windows 7 da 8. Yanzu ka leƙa teburin maƙwabcinka: tsohuwar kwamfutar gwanjo ce, wadda mahaifinsa ya matsa bakin aljihu kafin ya saya. Ka ce da shi manhaja kyauta ce, ai ka ba mai kaza kyautar sirdi ne.

Me ya jawo haka? Manhajar tace fim ba da ƙafarta take tsaye ba. Shotcut da Kdenlive duka a kan wani inji suke da ake kira MLT. Shi kuma MLT ya dogara da FFmpeg, wanda Fabrice Bellard ya soma a 2000, wajen karanta hoto da sauti. Tagogi da maɓallan da kake gani kuwa aikin Qt ne. Da Qt 6 ya fito a Disamba 2020 ba tare da Windows 7 ba, sai na bisa suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya: Shotcut a 2023, Kdenlive a Fabrairu 2024. Watau shawarar da aka yanke can ƙasan gini ita ce ta rufe ƙofa a sama, kuma ba wanda ya tambayi mai tsohuwar na'ura.

Nan ne gwanaye ke cewa, "Ai sai ka harhaɗa da kanka." Madalla! Sai ka tanadi manhajar harhaɗawa, da CMake, da Qt, da MLT, da FFmpeg, kowanne daidai da bugun da ake bukata. Idan Kdenlive ce, ka ƙara da tarin KDE Frameworks. Guda ɗaya ya saɓa, aiki ya tsaya cik. Da kuɗin datar wa za a sauko da su, kuma wutar wa za ta jira har a gama?

Ba na jifan masu rubuta waɗannan manhajoji da mugun nufi. Yawancinsu 'yan sa-kai ne, kuma sun nuna suna iya tunawa da raunana: Kdenlive da Shotcut duka suna barin mutum ya yi aiki da ƙaramin kwafin fim mara nauyi, sai a ƙarshe a mayar da na ainihi. Ƙorafina a kanmu yake, mu da muka iya yabon 'yanci a baki amma muka tsaya jiran a dafa a kawo mana.

Ga shi Microsoft ya janye tallafin Windows 10 a Oktoba 2025, Windows 11 kuwa ba ta karɓar tsofaffin kwamfutoci da yawa. Dokin ƙofar zai ƙara tsawo. Ina kira ga 'yan'uwanmu na sashen kimiyyar kwamfuta su gwada waɗannan manhajoji a kan na'urorin da ɗalibai ke riƙe da su da gaske, su rubuta wane bugu ke tafiya a kan wace, su sa Linux mara nauyi inda Windows ta gaza. Ƙungiyar ɗalibai kuma ta ajiye faifai guda mai ɗauke da tsofaffin bugu da na AppImage, wanda ke zuwa da kayan aikinsa a ƙunshe, don kowa ya kwafa ba tare da ya ƙona data ba.