Zancen Iyali: Makonnin Fari a Ingila

A wannan wata zancenmu a kan 'ya'yanmu ne da suke tafiya Ingila domin karatu ko aikin asibiti, su zauna shekara uku ko fiye. Gidaje da yawa sun raka nasu filin jirgi da murna, amma kafin wata ya cika sai ga waya, yaro yana cewa gida yake so. Ya kamata mu iyaye mu san abin da suke tararwa can.

Na fari, sanyi da duhu. Yawancin ɗalibai a watan Satumba suke sauka, sa'ad da yini yake gajarta. Gab da Kirsimati, a birnin Landan rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 8, ta kuma faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma. Wanda ya tashi a Jos yana tsammani ya san sanyi, amma hunturunmu da rana yake zuwa, nasu kuwa da hadari da yayyafi.

Na biyu, shiru. Mutum ya shiga jirgin ƙasa cike da jama'a, ba mai ce masa sannu. A wurinmu, wanda ya wuce ka bai gaishe ka ba, lalle akwai magana tsakaninku. Su kuwa a ganinsu, ƙyale mutum da sha'aninsa ladabi ne. Yaron bai san haka ba, sai ya ɗauka ƙinsa ake yi.

Na uku shi ya fi ciwo. Tun muna yara muke jin labarin Likita Mila, wanda ya zo daga Ingila ya zauna a Zariya a 1905, ya kuma yi wahala ƙwarai domin mu sami Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Saboda haka yaro yana sa rai zai ga majami'u cike. Ran Lahadi ya shiga babban ginin dutse, sai ya iske tsofaffi kaɗan. Waɗansu majami'un ma an sayar, an mai da su gidajen kwana. A ƙidayar 2011, mutum 59 cikin 100 a Ingila da Wales suka ce su Kirista ne. A ta 2021 sun koma 46. A nan ne waɗansu 'ya'yanmu sukan yi sanyin gwiwa, su daina zuwa sujada.

An ce gani ya kori ji, amma ganin makon fari ba shi ne dukan gaskiya ba. Ku tuna da Dorugu, yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram, wanda Dokta Barth ya kai Ingila a 1855. Ba danginsa ko ɗaya a can. Ya zauna a gidan Fasto Schön, ya zuba ido ya lura da kome, har yadda Turawa suke zaman cin abinci. Da taimakonsa Schön ya ƙara sanin Hausa, ya juya littattafan Bishara. Sai 1864 Dorugu ya komo. Baƙuncin yaro ɗaya ya zama albarka ga dukanmu.

Haka kuma annabi Irmiya, a sura 29, ya shawarci waɗanda aka kai Babila su kafa gida a can, su yi wa birnin addu'a. Wanda jikinsa yake Landan, zuciyarsa tana bakin ƙofar uwarsa, ba zai yi karatu ba.

To, mene ne namu? Kafin yaro ya tashi, fastonmu ya ba shi takardar shaida, a kuma nemi ikilisiyar da zai shiga tun Lahadin fari. Akwai masu bi na gaskiya a can, Turawa da 'yan Afirka. In ya kira yana kuka, kada mu tsawata masa, kada kuma mu ce ya komo. Mu saurara, mu yi addu'a tare. Mu ja bakinmu daga roƙon kuɗi a shekarar fari, gama kuɗin ɗaki da na wuta sun ishe shi. In muna waya, bayan mun tambayi lafiya, mu tambaye shi, "Wa ka gaisar yau?"

Ubangiji ya kiyaye 'ya'yanmu duk inda suke. Sai wata mai zuwa, in ya yarda.