Ra'ayinmu: Mai Neman Likita da Bincike a Haɗe Ya Auna Kansa Tukuna

A cikin hanyoyin neman ilmi mai zurfi akwai wata da ɗalibanmu masu ƙwazo suka fara sa wa ido, watau shirin nan na jami'o'in Amurka wanda mutum zai shiga sau ɗaya ya fito da digiri biyu, na aikin likita da kuma digiri na uku na binciken kimiyya. Abin da ya fi jan hankalin samari da iyayensu shi ne labarin cewa ba a biyan kuɗin makaranta, har ma ana ba ɗalibi kuɗin guzuri kowane wata. Labarin gaskiya ne, amma bai cika ba, kuma ya kamata mai niyya ya ji ragowarsa kafin ya ɗaura ɗamara.

Shirin ya daɗe. Jami'ar Western Reserve da ke Jihar Ohio ce ta soma haɗa karatun biyu a 1956. A 1964 Hukumar Binciken Lafiya ta Gwamnatin Amurka ta shiga da kuɗinta, ta fara da makarantu 3, daga nan abin ya yi ta yaɗuwa. Dalilin kafa shi kuwa a fili yake. Likita yana ganin marasa lafiya kullum, amma ba shi da horon bin diddigin cuta a ɗakin gwaji. Masanin kimiyya yana da horon, amma mai yiwuwa bai taɓa tsayawa a gefen gadon majinyaci ba. Aka ga lalle ana bukatar mutumin da zai ɗauki tambaya daga asibiti ya kai ta ɗakin gwaji, ya komo da amsa. Drew Weissman, wanda ya gama irin wannan karatu a Jami'ar Boston a 1987, shi ne ya raba lambar Nobel ta 2023 da Katalin Kariko saboda aikin da ya share fagen allurar rigakafin korona. Irin amfanin da ake nema ke nan.

To, sai a dubi tsawon tafiyar. A Amurka ba a shiga makarantar likita daga sakandare kamar yadda ake yi a nan. Sai mutum ya gama digirin farko na shekara 4. Bayan haka shirin kansa yakan ci kamar shekara 8: biyu na farko a aji, kamar huɗu a ɗakin bincike, biyu na ƙarshe a asibiti. Da an gama sai horon ƙwarewa, wanda yakan ɗauki shekara 3 zuwa 7. Ashe wanda ya soma jami'a yana ɗan shekara 18 zai haura talatin bai zama mai cin gashin kansa ba. Abin da ya fi ciwo shi ne, yana tsakiyar gwaje-gwajen da suka ƙi ba da sakamako abokan ajinsa za su gama, su zama likitoci, su fara karɓar albashi. Wanda ya shiga don gudun bashin makaranta, wanda a can yakan kai dala 200,000 a wuyan sabon likita, a nan ne zai gane ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Yadda ake neman shiga ma ya nuna irin mutumin da suke so. Ana bi ta wata cibiya guda mai suna AMCAS, wadda take buɗe takardun nema a watan Mayu, fiye da shekara guda kafin a fara karatu. Tilas mai nema ya zauna jarrabawar MCAT, mai cin sa'a 7 da 'yan kai, wadda makinta yake tsakanin 472 da 528. Ban da bayanin kai da kowane mai neman likita yake rubutawa, ana neman ƙarin rubutu biyu: ɗaya a kan dalilin da ya sa digiri guda ba zai wadatar da shi ba, ɗaya kuma a kan binciken da ya riga ya yi da hannunsa. Sa'an nan ga wasiƙun shaida daga malaman da ya yi aiki a ƙarƙashinsu, ga kuma ganawa da masu bincike, waɗanda za su tambaye shi abin da ya gwada, da abin da ya ƙi, da abin da zai sake in an mayar da shi. A nan babban maki ba ya ceton mutum. Shi ya sa da yawa daga cikin waɗanda ake ɗauka sukan yi shekara ɗaya ko biyu suna aikin bincike bayan digirin farko. Duk ƙasar kuwa waɗanda ake ɗauka a shekara ba su kai 1,000 ba.

Ga ɗan Nijeriya ƙofar ta fi ƙunci. Kuɗin da gwamnatin Amurka take zubawa a shirin na 'yan ƙasarta ne da masu takardar zama na dindindin. Akwai jami'o'in da suke ɗaukar baƙi da kuɗin aljihunsu, amma ba su da yawa, kuma galibinsu suna son mai nema ya yi wani ɓangare na karatunsa a Amurka ko Kanada. Wanda ya riga ya yi nisa a karatun likita a Zariya ko Kano ko Maiduguri, wannan hanya ba tasa ba ce. Mun faɗi haka don kada iyaye su sayar da gona saboda kuɗin jarrabawa da na takardu a kan abin da tun farko yaron bai cika sharuɗɗansa ba.

Amma rufewar ƙofa ɗaya ba ta kashe manufar ba. Jami'ar Kambirij ta Ingila ta buɗe nata shirin a 1989, inda ɗalibin likita yake tsayawa a tsakiyar karatu ya yi bincike ya komo. Akwai kuma tsohuwar hanya, wadda ta fi dacewa da yawancin ɗalibanmu: a gama shekara 6 na likita, a yi shekarar koyon aiki da ta bautar ƙasa, sa'an nan a nemi digiri na uku a gida ko a waje. Mai son ta kuwa sai ya fara tun yana ɗalibi, ya manne wa malamin da yake da bincike a hannu, ya koyi tattara bayani da ƙididdiga, ko da wanke kwalabe zai fara da shi. A nan ne zai san ko zuciyarsa tana jure wa aikin da ake wata shida ba a ga komai ba.

Bukatar irin waɗannan mutane ba ta Amurka kaɗai ba ce. Zazzaɓin Lassa a garin Lassa na ƙasar Borno aka fara gane shi a 1969, amma sai da aka kai jinin Jami'ar Yale kafin a gano ƙwayar cutar. Sanƙarau ya yi mana mummunar ɓarna a 1996. Amosanin jini kuwa babu ƙasar da take haihuwar masu shi kamar tamu. Waɗannan tambayoyinmu ne, kuma a asibitocinmu suke kwance.

Saboda haka muna kira ga jami'o'inmu da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa su duba yadda za a ba ɗalibin likita mai basira damar tsayawa ya yi bincike ya komo ba tare da ya rasa gurbinsa ba. Hukumomin ba da tallafin karatu na jihohi kuma su ware wani kaso don likitocin da suke son digiri na uku, ma'aikatun lafiya su riƙa ba su hutun karatu da albashi. Ɗalibi kuwa, kafin ya cika takarda ko ɗaya, ya tambayi kansa wace cuta ce take hana shi barci har yake son ba ta shekara 8 na ƙuruciyarsa. In ba shi da amsa, digirin likita kaɗai ya ishe shi, kuma babu abin kunya a cikinsa.