Fitilar ƙauye da ma'adinan ƙasar Sin

A kasuwannin Wurno da Rabah da Goronyo da ke gabashin jihar Sakkwato, fitilu masu caji da hasken rana na ci gaba da ture aci-balbal da fitilar ƙwai, musamman tun bayan janye tallafin kananzir a Nijeriya a shekarar 2016.

Sai dai kuma farin hasken da almajirai ke bitar allo da shi yana da nasaba da taƙaddamar ciniki tsakanin Amurka da Sin.

Shuɗi da rawaya

A 1936 ne wani masani Bafaranshe, Georges Destriau, ya gano cewa wani irin gari yana haske idan aka sa masa lantarki, ba tare da ya ɗau zafi ba.

Amma danshi na lalata garin, abin da ya sa masana suka karkata ga sinadarai masu haɗe da oksijin, waɗanda suka fi juriya.

Ƙwayar da ke cikin fitilar LED shuɗin haske take fitarwa. Ana shafe ta da wani gari mai rawaya daga wannan rukuni, wanda ya ƙunshi ma'adinin itiriyom, sai launukan biyu su haɗu su ba da fari.

Wannan shuɗiyar ƙwaya ce ta sa Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka sami kyautar Nobel a 2014.

Takunkumi

A watan Afrilun 2025 Sin, wadda ke tace mafi yawan irin waɗannan ma'adinai a duniya, ta ƙaƙaba sharuɗɗa kan fitar da guda bakwai, ciki har da itiriyom.

To amma matakin bai cika shafar manomin albasa a Goronyo kai tsaye ba, domin garin da ke kowace fitila ɗan kaɗan ne, kuma akasarin fitilun a Sin ɗin ake harhaɗa su.

Abin da ya fi taɓa aljihunsa shi ne faɗuwar darajar naira tun daga Yunin 2023, da kuma jabun kaya da batirinsu ke saurin mutuwa a zafin bazara mai haura digiri 40.

Don haka ƙalubalen da ke gaban hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki shi ne tsare jabu tun daga tashar jiragen ruwa, kafin ya isa kasuwar ƙauye.