Kafin Mu Hana Yaranmu Wasan Sojojin Tebur



A zamanmu na ƙarshen wata, iyaye biyu sun kawo ƙorafi cewa 'ya'yansu sun tsiri zuwa wani shagon kayan wasa a nan Legas duk ranar Asabar, suna yini a kan tebur da ƙananan sojojin roba da 'ya'yan ludo. Wani dattijonmu ya ce caca ce aka canja wa riga, ya nemi ƙungiya ta hana. Mu 'yan kwamiti muka ce a bari mu je mu gani tukuna. Mun je, kuma ra'ayinmu shi ne kada a yi gaggawar hani.

Ga abin da muka tarar. Mutum biyu ne ke karawa a kan faifai mai tsawon inci 30 da faɗin inci 22, an jera masa kangaye da katangu na roba. Kowa na da 'yar rundunarsa, sojoji kamar goma, kowane bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Da tef ɗin awo ake auna inda soja zai taka, sannan a jefa ɗan ludo a ga ko harbinsa ya samu. Zagaye huɗu ake yi, wanda ya fi tara maki ta hanyar riƙe muhimman wurare shi ya ci. Sunan wasan Kill Team, reshe ne na Warhammer 40,000 wanda kamfanin Games Workshop na Nottingham a Ingila ya fitar a 1987. Asalin irin wannan wasa ya girmi kamfanin nesa ba kusa ba: tun 1824 sojojin Furushiya, a Jamus ta yau, suke horar da hafsoshinsu da yaƙin tebur, kuma a 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya wallafa littafin dokokin wasa da sojojin dalma mai suna Little Wars.

Ba mu ga an ajiye ko kwabo a kan tebur ba. Wanda ya ci bai tafi da komai ba, wanda aka ci bai rasa komai ba. Abin da muka gani shi ne yaro ɗan shekara 16 yana karanta littafin dokoki da Turanci, yana lissafi da ka, yana haƙurin shafa wa sojansa fenti da ɗan siririn buroshi. Mu kwatanta wannan da shagunan cacar ƙwallo da suka cika layukan Agege da Idi-Araba, inda kuɗin ɗan acaba na yini ke narkewa kafin magariba. In muka rufe wa yaro ƙofar farko ba tare da mun buɗe masa wata ba, mun san wadda ke jiransa a bakin layi.

Amma ba za mu ɓoye abin da ya dame mu ba. Na farko, ɗan ludo. Akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya yi hani mai tsanani kan wasan nardi, kuma malamai da yawa sun faɗaɗa hukuncin ga duk wasan da ake jefa ƙwaya a cikinsa, ko babu kuɗi. Na biyu, sojojin siffofi ne masu kai da fuska, wasunsu ma dodanni ne. Waɗannan biyun hurumin malamai ne, shi ya sa muka roƙi limaminmu ya zauna da yaran, su nuna masa wasan da idonsa kafin ya yi magana. Fatawar da aka gina kan "an ce" ba ta yi wa kowa adalci. Na uku, tsada. Daga waje ake shigo da kayan, da fam ake yi musu farashi, kuma kowa ya san halin da naira ke ciki. Yaron da ya fara matsa wa uwarsa kan akwatin sojoji alhali ba a biya kuɗin makaranta ba, wannan a tsawata masa.

Kafin zaman liman, ga shawararmu ga iyaye: uba ya raka ɗansa shagon ko sau ɗaya, ya san abokan wasansa. A gindaya sharaɗi uku: babu kuɗi a tebur, ana kiran salla a tashi, a dawo gida kafin magariba.

Sannan mu tambayi kanmu, yaushe rabon da mu koya wa yaro dara? Wasan dabara ne na iyayenmu, ramuka 30, kowa da 'ya'ya 12, ba ɗan ludo, ba siffa, ba ko sisi. A Abuja, kamfanin NIBCARD na ƙera wasannin tebur na gida har ya ci kyautar Diana Jones a 2021. Ke nan abin da yaranmu ke nema ba sai daga Turai ba. Daga Asabar mai zuwa za mu shimfiɗa dara a harabar ofishin ƙungiya bayan la'asar. Dattawan da suka iya, don Allah ku fito.

Allah Ya shirya mana zuri'a.

Sakatare, a madadin kwamiti.