Shin Jigo Kaɗai Ne Abin Nazari?

Akwai wata ɗabi'a da ta yi mana katutu, mu ɗaliban adabi, wadda ya kamata a dube ta tun ba ta zama jiki ba. Da zarar an ce a yi nazarin ƙagaggen labari, sai kowa ya ruga neman jigo. In ya rubuta "faɗakarwa" ko "gargaɗi", shi ke nan, ya gama. Zubi da tsari, da salo, da taurari, sai a ba su layi bibbiyu a ƙarshe, kamar ana sallamar almajiri.

Mu ɗauki Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1937. Wanda ya ce jigonsa faɗakarwa ne bai yi ƙarya ba, amma bai ƙare mu da kome ba, domin da wannan amsa za a iya sallamar Shaihu Umar da Jiki Magayi gaba ɗaya. Abin da ya raya littafi na ɗaya shi ne zubinsa. Sarki ya tafi yaƙi, Waziri ya ƙulla makirci, Musa ya matsa sai ya fita, aku kuwa ba mashi ba garkuwa, sai baki. Kowane labari da ya kawo dabara ce ta tsare yaron har gari ya waye. Ashe ba jera labaran kawai aka yi ba, ran ɗan sarki ne ke rataye da su. A cire akun nan a gani: darussan suna nan daram, amma littafin ya mutu.

Haka kuma batun taurari. Mun haddace cewa Alhaji Imam shi ne babban tauraron Ruwan Bagaja, sai mu jefa Malam Zurƙe cikin ƙanana. To, wa ke tunawa da tafiyar in ba don ramuwar gayyar da ke tsakaninsu ba?

Laifin dai ba na kalmomin ba ne. Malamanmu sun sha wahala kafin su samar da su cikin Hausa, don mu buɗe littafi da su. Mu ne muka mai da su jerin kanun amsa jarrabawa, gobe kuma haka za mu koyar a makarantun sakandare.

Roƙona ga malamai, Allah ya ƙara musu basira, shi ne ko sau ɗaya a zango a ba mu aikin da aka hana ambaton jigo a cikinsa, a ce mu bayyana wanda ke ba da labarin, da wanda ake ba wa, da dalilin da ya sa marubucin ya fara daga inda ya fara.