Yajin aikin Hollywood da rawar da masu kallo suka taka

A shekarar 2023, marubutan fim na Amurka sun shafe kwana 148 suna yajin aiki, 'yan wasa na ƙungiyar SAG-AFTRA kuma kwana 118. Manyan ƙorafe-ƙorafensu su ne ƙarancin kason da ake ba su daga dandalin kallo irin Netflix, da fargabar cewa ƙirƙirarriyar basira za ta maye gurbinsu.

Ƙungiyoyin marubutan da na 'yan wasan ba su nemi jama'a su daina kallo ba. SAG-AFTRA ta buƙaci masu tashe a TikTok da YouTube su ƙi karɓar sabuwar kwangilar tallata finafinan kamfanonin da ake takaddama da su, ta kuma yi gargaɗin cewa wanda ya saɓa ba za a karɓe shi cikin ƙungiyar ba daga baya. Masoya kuwa sun tura gudummawa ga asusun Entertainment Community Fund, wanda ya tallafa wa ma'aikatan bayan fage da abincinsu ya tsaya.

A ra'ayinmu, wannan ce hanya madaidaiciya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk mai son taimakon masu yajin aiki, ya fara sauraron abin da ƙungiyarsu ta nema, sannan ya aikata.