An cire wa dabbobin haƙora, an miƙa masu ganga



Satin da ya wuce, cikin shirin iyali da muke gabatarwa a radiyo, wani uba ya kira mu daga Tasawa yana murna. Ya ce shi kam ya huta da fitinar portabul: ya goge finafinan soyayya da na faɗa, ya bar wa ɗiyansa desan anime na dabbobi kaɗai, masu waƙe-waƙe, waɗanda anka ɗauko daga tsofaffin littattafan yara. Ya ce ai ko banza yaro ya san labaran da manya sunka rubuta. Munka ce masa madalla, don lokaci ya ƙure. Amma maganar ta tsaya mana a rai, shi ya sa ga amsar da ba mu samu ba shi ba.

Malam, abin da ke cikin wayarka ba labarin ba ne. An feɗe labarin, an zubar da naman, an cika fatar da waƙa.

Mu ɗauki wanda kusan kowa ya gani, wanda a faransanci ake kira Le Livre de la jungle. Rudyard Kipling, Baturen Ingila haifaffen Bombay, ya fitar da littafin a 1894. Kamfanin Disney na Amurka ya mai da shi fim ɗin zane mai waƙa a 1967. Mu ma da fim ɗin munka fara. Sai da munka kai lise, munka ci karo da littafin, sannan munka gane an daɗe ana yi mana sakiyar da ba ruwa.

A fim, Balu, ƙaton beyar ɗin nan, ɗan zaman kashe wando ne. Rawa, susar baya a jikin icce, da waƙar da ke koya wa yaro kada ya wahalar da kansa a kan komai. A littafi kuwa Balu malami ne, mai koya wa ƴaƴan kyarketai dokar daji, kuma mai saurin hannu, har Bagira baƙar damisa take yi masa faɗa kan yadda yake bugun Mogli. Kaa, mesar da fim ya mayar abar dariya mai neman haɗiye yaron, a littafi ita ce ta zo ceton Mogli lokacin da birai sunka sace shi, kuma ba da wasa ta bar biran ba. Sarkin biran da ke rawa yana roƙon sirrin wuta, babu shi ko kaɗan a littafi, kuma irin goggon birin da anka zana ma ba ya rayuwa a dajin Indiya.

Wannan duka da sauƙi. Ƙarshen labarin shi ne abin takaici. A fim, an ɗaura wa Sher Kan, damisa mai ratsi, reshe mai wuta a wutsiya, ya ruga. Sai Mogli ya hango yarinya tana ɗibar ruwa tana waƙa, ya ɗauki tulunta, ya bi ta ƙauye, kowa ya ji daɗi. A littafi Mogli kiwo yake yi wa mutanen ƙauye. Ya raba garken ɓaunayen gida biyu, ya rutsa Sher Kan cikin kwazazzabo, garken ya tattake shi har lahira, yaron ya zauna ya feɗe fatar da hannunsa. Ladansa? Mutanen ƙauye sunka ce matsafi ne, sunka kore shi da jifa. Kafin nan yawancin kyarketan garken da ya girma cikinsa sun riga sun juya masa baya. Labarin yaro ne da daji ya ce ba nasa ba ne, gari ma ya ce ba nasa ba ne. Ku duba cikin unguwarku: maraya a gidan kawu, almajirin da ya girma nesa da uwa, ɗan da anka haifa a ci-rani aka dawo da shi bai iya harshen gida ba. Waɗannan yaran littafin yana magana da su. Fim ɗin ya ba su rawa.

Kuma ba kuskure anka yi ba, da gangan ne. Bill Peet, wanda ya fara tsara labarin fim ɗin, ya bi duhun littafin. Walt Disney bai so ba, sunka saɓa, Peet ya bar kamfanin a 1964. An ajiye waƙoƙin da Terry Gilkyson ya rubuta sai guda ɗaya, wato ta Balu, aka kira ƴan uwan nan biyu, su Sherman, su rubuta masu daɗin kunne. Disney ya rasu a watan Disamba na 1966, bai ga fitowar fim ɗin ba, amma abin da ya so shi anka yi.

Wani zai ce: to ku ƴan radiyo, da waƙa kuke cin abinci, yau kuma ku ne masu ƙin waƙa? A'a wallahi. Mu da kakanninmu sunka yi wa tatsuniya mun san labarin dabba ba ya cika sai da waƙa. Amma ku tuna inda waƙar take faɗowa. Tana zuwa ne lokacin da yarinya ke cikin hannun dodo tana kiran ƴan uwanta. Tana zuwa lokacin da uwa ke ƙofa tana rera abin da ɗiyarta za ta gane ta da shi, ga mugu ya laɓe yana koyon muryar. Waƙar tatsuniya ƙara tsoro take yi, har yara su matso jikin kaka. Waƙar waɗannan finafinai aikinta kishiyar wannan ne: da zarar labari ya doshi wurin da ke da ciwo, sai a buga ganga a ɗauke hankalin yaro. E. B. White, marubucin labarin gizo-gizo Charlotte na 1952, ya yi irin wannan kukan da anka mai da littafinsa fim mai waƙa a 1973: ya ƙi jinin yadda ake katse labari kowane ɗan lokaci don wani ya rera waƙar nishaɗi. Su ma dai mu ba su haƙƙinsu, sun bar gizo-gizon ta mutu kamar yadda yake a littafi.

Kada kuma a ɗauka muna wanke Kipling. Mutumin ɗan goyon bayan mulkin mallaka ne na gaske, kuma dokar dajin tasa tana warin bariki. Amma fim ɗin bai gyara wannan ba, nasa dattin ya ƙaro. Sarkin biran nan mai kiɗan jaz da ke burin zama mutum ya daɗe yana shan suka cewa shaguɓe ne ga baƙaƙen Amurka, ko da yake Louis Prima, wanda ya yi muryar, jinin Italiya ne. A 2020 kamfanin da kansa ya liƙa gargaɗi a farkon fim ɗin a dandalinsa na Disney+. Kofin da masu tura finafinai ke zuba mana a kati a bakin kasuwa ba ya zuwa da wannan gargaɗin.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne masu cewa ai zane dole sai haka, in an bar wa dabba haƙoranta ba mai kallo. A 1966, shekara guda kafin fim ɗin Disney ya fito, wani ɗan ƙasar nan, Mustafa Alasan, ya zana Bon voyage Sim: shugaban ƙasar kwaɗi ya tafi ziyarar aiki, ga fareti, ga jirgi, ga tarba, cikin ƴan mintoci ya yi wa manyan lokacin dariyar da ba kowa ke da ƙarfin halin yi ba. Daga baya ya sa dabbobinsa kokowa a fim ɗin Kokoa. Ya yi shekaru yana aiki a Tawa, ya rasu a 2015. Mun zaga wurin masu tura finafinai uku a nan garin muna tambayar aikinsa. Biyu ba su taɓa jin sunan ba. Na ukun ya tambaye mu ko mawaƙi ne.

Kai kuma malam na Tasawa, ba mu ce ka goge ba. Ka zauna da su ku kalla, in Mogli ya ɗauki tulu ya bi yarinyar, ka tsayar da wayar ka gaya masu cewa a asalin labarin jifa ce ta biyo baya. Layinmu yana buɗe ran Asabar, muna son jin tambayar da za su yi maka.